Tekun takarda a ajin Dakoro

A wannan mako filinmu zai tsaya kan wani ɗan aiki da manya ke rainawa: yanka kifayen takarda tare da yara, a rataya su a aji. Wani zai ce, ina ruwan ɗan Dakoro da teku, shi da ko kwarin Tarka ba ya ganinsa da ruwa sai da damina? To, ruwansa ne ƙwarai.

Yawancin shinkafa da sukari da magungunan da ke kasuwarmu ta teku suka zo. Da aka rufe iyakar Benin a 2023, kayan da ke sauka Kwatano suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, kowa kuwa ya ji a aljihunsa. Ita kanta kalmar kuɗi jam'in wuri ce, wuri kuma a da daga tsibiran Maldib na tekun Indiya ake kawo shi. A 1851 Bajamushen nan Barth ya iske ana canjin riyal guda wuri 2500 a Kano. Har dutsen da ake simintin Malbaza da shi, wani tsohon teku ne ya bar shi, shekaru miliyoyi da suka wuce. Amma ɗan lakwal yana haddace sunayen tekuna da Faransanci, yana maimaitawa kamar aku, babu hoton komai a zuciyarsa.

Ga yadda ake aikin. A nemi kwalin sukari ko na shayi, da almakashi, da zaren ɗinki, da sillan karan gero, da jiƙaƙƙen ƙaro maimakon gam, da bula domin launin ruwa. Mushe ya zana kifi, kaguwa, kunkuru da jirgin ruwa a allo, kowane yaro ya zaɓi guda ya zana, ya yanke, ya shafa launi fuska biyu, tun da abin juyawa zai riƙa yi. Huda da allura aikin babba ne.

Wurin ratayawa nan ne ilimin yake. Daga ƙasa ake farawa: a ɗaure kifi biyu a bakunan kara, yaro ya ɗora karan bisa yatsansa, ya yi ta gusawa har ya tsaya daidai, nan za a ɗaure zaren sama. Sa'an nan a rataya wannan a bakin wani kara da ya fi tsawo, a sake neman daidaito. Yaron zai gane da kansa cewa zaren yana matsawa wajen da ya fi nauyi. Ɗan ɗan kasuwa da ya fahimci wannan ya fahimci sikeli, ba mai cutarsa a awo. Idan an gama, a rataya nesa da ƙofa saboda iskar hunturu.

Darasin aikin hannu, wanda malamai ke kira APP, sau da yawa shi ake fara yadawa in lokaci ya ƙure, da hujjar rashin kayan aiki. Wannan hujja ba ta tsaya ba a nan. Ƴan kasuwa, kwalayen da kuke ƙonawa bayan shago, ku aika da su lakwal ɗin unguwa. Ma'aikata, ku ba ƴaƴanku awa guda ranar Lahadi, kuna yanka kuna gaya musu inda sukarin shayinku ya fito. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.