Zauren Malam: Gidan Da Aka Saya Fam Goma

A wannan wata za mu leƙa wani ƙauye mai suna Alfriston, a gundumar Sussex ta Gabas, kudancin Ingila. Kusa da cocin ƙauyen akwai wani ɗan gida mai jinka wanda ya yi shekara 600 da ɗoriya a tsaye. Ba fadar sarki ba ce, ba kuma gidan wani attajiri ba. Amma yau ko taga ba mai ikon sauya masa sai da izinin hukuma.

Masana sun auna shekarun katakon, suka gano an sare itatuwan ne wajejen 1400. Yadda aka gina shi ya bambanta da namu. Mu bango ne ke ɗaukar nauyin rufi, shi ya sa magini ke yi masa kauri. Su kuwa kafinta ne ke fara aiki. Zai sassaƙa ginshiƙai da azara daga wani itace mai tauri da suke kira oak, tun yana ɗanye, don ya fi daɗin sara. Sai ya huda wannan, ya fiƙe kan wancan, ya cusa, ya kafe su da fegin katako maimakon ƙusa. In itacen ya bushe sai ya ƙara tauri. Bayan gangar gidan ta tsaya, sai a saƙa tsumagu a tsakanin katakai, a yaɓe da laka haɗe da ciyawa da kashin shanu, a shafe da farar ƙasa. Ke nan katako ke riƙe da gida, yaɓe aikinsa kare iska da sanyi.

A tsakiya akwai babban ɗaki wanda ba a yi masa bene ba, tun daga ƙasa har rufi. A irin waɗannan gidaje nan ake hura wuta a tsakar ɗaki, hayaƙi ya nemi hanya ta sama. Hagu da dama kuma akwai ɗakunan bene. Daɓen babban ɗakin na alli ne da aka kirɓa, aka zuba masa madara mai tsami don ya kama, kamar dai yadda matanmu ke zuba wa daɓe makuba.

To, a shekarun 1880 gidan ya lalace ƙwarai, har hukumar coci, wadda ke da shi, ta yarda a rushe. Abin da ya jinkirta rusau shi ne wata tsohuwa da ke ciki, wadda ta roƙi a bar ta ta ƙarasa kwanakinta. Bayan rasuwarta sai sabon limamin cocin, F. W. Beynon, ya shiga neman wanda zai ceci ginin. A 1895 Octavia Hill da Robert Hunter da Hardwicke Rawnsley suka kafa ƙungiyar National Trust don adana wuraren tarihi. A 1896 ƙungiyar ta sayi gidan a kan fam 10, kuma shi ne gini na farko da ta mallaka. Kuɗin gyara ya ninka na saye sau da yawa, sai da aka yi yekuwar neman taimako.

A lura, a lokacin ba wata doka da ta hana rushe shi. Dokar ta biyo baya ne. A 1907 majalisar dokoki ta ba ƙungiyar ikon ayyana kadararta a matsayin wadda ba a sayarwa ba a jinginarwa, kuma ko gwamnati ba ta iya karɓe ta da ƙarfi, in ƙungiyar ta ƙi, sai an je gaban majalisa. Bayan bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu sun ci gine-gine masu yawa, dokokin 1944 da 1947 suka kawo tsarin rajistar tsofaffin gine-gine. Dokar da ake aiki da ita yanzu a Ingila ta 1990 ce. Rajistar tana da matakai uku: na ɗaya, na biyu mai tauraro, da na biyu. Fiye da kashi 90 cikin 100 suna mataki na biyu. Gidan Alfriston yana na biyu mai tauraro.

Duk ginin da ya shiga rajista, mai shi ba zai rushe ko ya sauya masa kama ba, ciki ko waje, sai ƙaramar hukuma ta amince. Wanda ya yi gaban kansa ya aikata laifi, ana iya cin sa tara ko ɗaurin da zai kai shekara 2. In kuma ya bar shi ya lalace, hukuma na iya aika masa takardar gyara, in ya ƙi ta saye ginin ko yana so ko ba ya so.

Wani zai ce wannan ai danniya ce, gidana da kuɗina a hana ni yadda nake so? Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, domin rajista ba ta zuwa da kuɗin gyara kai tsaye, kuma kafintan da ya iya aikin gargajiya yana da tsada. Amma ni a ganina gidan da ya wuce ƙarni shida, mai shi na yau ɗan riƙo ne. In ya rushe shi da safe, ba kuɗin da zai dawo da shi da yamma.

Mu ma nan ƙasar muna da irinsa. Tsofaffin gine-ginen Asante da ke ƙauyukan kewayen Kumasi, kamar na Besease, da katako da gora da yaɓe aka yi su, kuma UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 1980. Goma kacal suka rage. Gara da ruwan sama ba sa karanta doka, saboda haka sai da mai sabunta jinka a kan kari. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Shawarata ga 'yan'uwana malamai, mu kai yara su ga waɗannan wurare. Ga dattawan zango kuma, kafin a sa wa tsohon zaure gatari don a yi shaguna, a zauna a yi shawara tukuna.

Sai wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.