Rumbun gas a kan teku: ya fi dizal tsafta, amma da sauran magana

Yau ba waya za mu duba ba, abin da ke ba ta caji za mu taɓa.

Akwai wata fasaha da ake kira FSRU. Ƙaton jirgin ruwa ne da ake ɗaurewa a bakin teku ya zama rumbun iskar gas. Tun a inda aka haƙo gas ɗin ake sanyaya shi zuwa digiri 162 ƙasa da sifili, sai ya koma ruwa, girmansa ya ragu kusan sau 600. Jirgin ya adana, idan an buƙata ya ɗumama shi ya koma iska, a tura ta bututu zuwa tashar lantarki. Ka ɗauke shi kamar fawa bank na ƙasa guda.

Abin da ya burge ni shi ne sauri. Da Rasha ta rage wa Turai gas a 2022, Jamus ta buɗe irin wannan tasha a Wilhelmshaven a watan Disamba, cikin ƙasa da shekara ɗaya. Ginin irinta a kan tudu yakan ci shekaru.

Maganar tsafta fa? Wajen samar da lantarki, gas na fitar da kusan rabin iskar kabon da kwal ke fitarwa, kuma babu baƙin hayaƙin nan. Wanda ya taɓa kwana kusa da janaretan maƙwabci ya san abin da nake nufi. Sai dai gas ɗin kansa methane ne, kuma idan ya yi yoyo yana ɗumama duniya fiye da kabon kusan sau 80 a cikin shekara 20. Sanyaya shi da jigilarsa ma makamashi suke ci. Shi ya sa idan na ga talla ta ce masa "makamashi mai tsafta" nake ɗan yin murmushi.

Abin haushin kuma, tun 1999 Najeriya ke loda wannan gas a Bonny ana kai wa Turai da Asiya, ana kuma ƙone wani a banza a Neja Delta. Kano ba ta da teku, jirgi ba zai zo mata ba. Namu rabon yana cikin bututun Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, da aka ƙaddamar a 2020. Shi nake sa wa ido, ko mai cajin waya na bakin titinmu ya samu ya huta da sayen fetur.