Annobar Korona Da Gidajenmu: Wane Shiri Ake Nema Daga Maigida?

 

Ranar 19 ga Maris 2020 ce hukuma ta sanar da mutum na farko da aka samu da cutar korona a Nijar, wani ɗan ƙasa da ya iso Yamai bayan ya ratsa Lome, Akara, Abijan da Wagadugu. Bayan wata guda da 'yan kwanaki waɗanda aka tabbatar sun kamu sun haura 600, mafi yawansu a Yamai. A lokacin an rufe iyakoki da makarantu da filayen jirgin sama na Yamai da Damagaram. Ranar 27 ga Maris 2020 shugaban ƙasa na lokacin Mahamadu Isufu ya kafa dokar ta-ɓaci ta lafiya, aka hana fita a Yamai daga ƙarfe 7 na dare zuwa 6 na safe, aka killace birnin, kuma an dakatar da sallar jam'i a masallatai. Duk wannan ya faru ne watan Ramadan na gabatowa.

Tambayoyin da suka riƙa zo mana a lokacin kusan duka a kan masallaci suke: yaushe za a buɗe, yaya za a yi da tarawihi da tafsiri. Tambaya ce ta masu imani, kuma za mu taɓa ta. Amma akwai wadda ba a cika yi mana ba, alhali ita ce Allah zai yi wa kowane magidanci: me ka yi a gidanka? Hukuma tana iya rufe iyaka, ba ta iya shiga tsakar gida ta raba jariri da kakarsa mai tari, ba ta iya sanin wane maƙwabci ne ya kwana bai ɗora tukunya ba. Wannan aikin maigida ne da uwargida, kuma kowane makiyayi abin tambaya ne a kan kiwon da aka ba shi.

Gidaje iri uku

Idan muka dubi yadda gidaje suka karɓi wannan labari, za mu ga kashi uku.

Kashi na farko masu hali ne da tsoro ya kama. Da jin za a killace Yamai suka yi kasuwa, buhun shinkafa a kan buhu, mai, sukari, taliya, sabulu. Tanadi a kansa ba laifi ba ne, domin ya tabbata cewa Annabi (SAW) yana ajiye wa iyalansa abincin shekara. Sai dai malamai da suka yi sharhin wannan hadisi sun yi ƙaidi: idan daga kasuwa za ka saya kuma lokacin ƙunci ne, to ka sayi na kwanaki ko na wata, gwargwadon abin da ba zai ƙuntata wa mutane ba. Wanda ya kwashe buhu ashirin a rana guda shi ya ɗaga wa mai sayen tiya ɗaya farashi, ko da bai yi nufi ba. Ɗan kasuwar da ya ɓoye abinci yana jiran ya yi tsada kuwa, wannan shi ne ihtikari, kuma hadisin da ke cikin Sahihu Muslim ya kira mai yin sa mai zunubi.

Kashi na biyu su ne waɗanda suka ce babu cutar. Wasu suka ce ta Turawa ce, wasu suka ce zafin ƙasarmu zai kashe ta, wasu suka ce makirci ne don a hana salla. Waɗannan gidaje ba su canza komai ba: ana suna, ana zaman makoki tabarma a kan tabarma, samari na fada suna zagaya kofin shayi ɗaya. Muna tunatar da su cewa a Afrilun 2020 mamata a Italiya sun haura 20,000, cewa Saudiyya ta dakatar da Umra ranar 27 ga Fabrairu 2020, kuma a maƙwabciyarmu Najeriya cutar ta yi ajalin Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, ranar 17 ga Afrilu 2020. Legas da Makka ba ƙasashen ƙanƙara ba ne.

Kashi na uku su ne mafi yawa, kuma su aka fi mantawa da su a cikin wannan muhawara. Ga-ruwa, ɗan kabu-kabu, mai shayi da mai tsire da kasuwarsu ba ta ci sai da dare, mai tuyar ƙosai a bakin makaranta da aka rufe, ɗan ci-rani da killacewa ta rutsa da shi a Yamai. Waɗannan ba su ƙaryata cutar ba, ba su kuma da abin tanadi. Abin da aka samo yau shi za a ci yau. Idan ka ce wa irin wannan ya zauna gida ba ka kawo masa hatsi ba, ka ba shi zaɓi ne tsakanin cutar da bai gani ba da yunwar da yake gani a idon 'ya'yansa, kuma kowa ya san wadda zai zaɓa. Gwamnati ta ɗauki nauyin kuɗin ruwa da lantarki na masu ƙaramin ƙarfi na watannin Afrilu da Mayu na 2020, abin a yaba, amma wanda ke sayen ruwa wurin ga-ruwa ba shi da takardar biyan da za a yafe masa.

Abin da magabata suka yi

Annoba ba baƙuwa ba ce a tarihin Musulunci. A shekara ta 18 bayan Hijira annobar Amwas ta faɗa wa ƙasar Sham. Sayyidina Umar yana hanya, ya kai wurin da ake kira Sargu, aka ba shi labari. Ya yi shawara da Muhajirai da Ansar, ya yanke komawa Madina. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya nuna masa cewa komawar ita ma cikin ƙaddarar Allah take, kamar makiyayin da ya zaɓi kwari mai ciyawa ya bar busasshe. Daga nan Abdurrahman ɗan Aufu ya zo da hadisin da ya hana shiga garin da annoba take, ya kuma hana na ciki fita. Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabal sun rasu a wannan annoba. Da al'amari ya koma hannun Amru ɗan Asi sai ya umarci mutane su warwatsu cikin duwatsu, Allah ya ɗauke ta.

Akwai kuma darasin Alhafiz Ibnu Hajar, wanda annoba ta ɗauke masa 'ya'ya mata, ya rubuta littafinsa Bazlul Ma'un a kan wannan mas'ala. Ya ba da labarin cewa a shekara ta 833 bayan Hijira mutanen Alƙahira sun yi azumin kwana uku, suka fita fili suka taru don roƙon Allah ya ɗauke annoba, bayan taron sai mace-mace suka ninka. Ba addu'ar ce ta yi laifi ba, cunkoson ne. Irin wannan ya sake faruwa a 2020 a Malesiya, inda taron wa'azi na dubban mutane a wani masallaci na Kuala Lumpur a ƙarshen Fabrairu ya zama tushen yaɗuwar cutar a ƙasar da maƙwabtanta.

Saboda haka mun ji zafin rufe masallatai kamar yadda kowa ya ji. Wanda ya shekara hamsin bai rasa Juma'a ba ya san abin da muke nufi. Amma manyan malaman Azhar da na Saudiyya sun ba da fatawar halaccin dakatar da jam'i saboda wannan larura, kuma Ibnu Abbas ya sa ladaninsa ya ce wa mutane su yi salla a gidajensu ranar Juma'a saboda ruwan sama da taɓo kawai. Abin da ya faru a Mirya a ƙarshen Maris 2020, da abin da ya faru a unguwar Lazare ta Yamai a Afrilun 2020 na ƙone-ƙone da jifa, ba shi da hujja a Shari'a. Wanda yake ganin an yi kuskure, ko yake ganin an bar kasuwa a buɗe an rufe masallaci, yana da haƙƙin ya faɗa, kuma ya kamata hukuma ta zauna da malamai ta saurara. Ƙona dukiyar jama'a kuwa ɓarna ce, kuma iyaye su sani 'ya'yansu ne ke kwana a kurkuku bayanta.

Shirin da ya dace da gidajenmu

Ga abin da likitoci suka tabbatar. Ƙwayar cutar tana bin feshin tari da atishawa da magana, da hannun da ya taɓa su ya koma baki ko hanci ko ido. Tana iya kwana har 14 a jiki kafin alama ta fito, kuma wanda ke jin garau yana iya ba wani. Kusan kashi 80 cikin 100 na masu kamuwa suna warkewa ba tare da tsanani ba. Waɗanda take kayarwa su ne tsofaffi da masu ciwon sukari, hawan jini, ciwon zuciya ko na huhu.

Wannan bayani shi ke nuna mana inda za mu sa ƙarfi. Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba. Yaro zai ɗauko ta a waje, ya yi kwana biyu yana mura ya miƙe, amma kakan da ya ci tuwo da shi a kwano ɗaya ba lallai ya miƙe ba. Don haka farkon shiri shi ne a san su wa ke cikin haɗari a gidan. A ware wa tsoho ɗaki ko rumfa mai iska, da butarsa da kofinsa da tabarmarsa. A gaishe shi daga nesa da ladabi, a bayyana masa dalili don kada ya ga an guje shi. Saurayi ya ɗauke masa zuwa kasuwa. Idan yana shan maganin sukari ko na hawan jini, a tanadar masa na wata guda, domin wannan ya fi buhun taliya muhimmanci.

Sai ruwa da sabulu a zaure. Buta ɗaya da sabulun wanki sun isa, duk wanda ya shigo ya wanke hannu na kimanin daƙiƙa 20 kafin ya taɓa kowa. Sabulu yana narkar da kitsen da ke lulluɓe da ƙwayar cutar, shi ya sa ruwa kaɗai bai wadatar ba. Mu da ke alwala sau biyar a yini ba za a koya mana wanke hannu ba, abin da za mu ƙara shi ne sabulu kafin alwala. A daina wanke hannu a kwano ɗaya kafin cin abinci, a riƙa zubawa daga buta. Mai fita ya rufe baki da hanci, ko da ƙyallen da telan unguwa ya ɗinka ne, a wanke shi kullum.

Sannan a yi shawara tun yanzu: idan wani ya fara zazzaɓi da busasshen tari, ina zai kwanta, wa zai yi jinyarsa? Mutum ɗaya mai ƙarfi, ba tsohuwa ba, ba mai ciki ba. A kira lamba 15, musamman idan numfashi ya fara wuya. Kada a ɓoye mara lafiya don gudun surutun unguwa. Cuta ba abin kunya ba ce, kuma maƙwabtan da ke ƙyamar gidan da aka killace su ne ke sa na gaba ya ɓoye nasa. A ajiye musu abinci da ruwa a ƙofa, a kira su a waya.

A kiyayi maganin WhatsApp. A 2014 lokacin Ebola saƙo ya zagaya Najeriya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a sha, aka rasa rayuka. A 2020 an kai mutane asibiti a Legas saboda sun sha kulorokin fiye da kima. Citta da lemun tsami da tafarnuwa abinci ne mai kyau, ba a tabbatar suna kashe wannan cuta ba. Allah ya umarce mu da bincika labari kafin mu yi aiki da shi, wanda ya tura saƙon da bai tantance ba yana da kaso a abin da ya haifar.

Game da jana'iza, Ebola ta kashe mutum sama da 11,000 a Gini, Laberiya da Saliyo, kuma wankan gawa da taron makoki suna cikin manyan hanyoyin da ta bi. Korona ba Ebola ba ce, haɗarinta ya fi yawa a cikin masu rai da suka taru. Sallar gawa farilla ce ta kifaya, mutane kaɗan sun ɗauke wa saura. Ta'aziyya ta waya ta isar.

Shirinka bai cika ba sai da maƙwabcinka

Mu koma ga kashi na uku. Gidanka ba zai tsira shi kaɗai ba, domin ga-ruwan da ke shiga gidanka yana shiga gida goma, kuma mai aikin da ke dafa maka abinci daga wata unguwa take zuwa. Idan ka sallame ta don gudun cuta, to ka biya ta albashinta. Annabi (SAW) ya yabi Ash'ariyawa saboda idan abincinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ke hannunsu su raba daidai. A shekarar yunwar nan ta Ramada, Sayyidina Umar ya haramta wa kansa man shanu har sai talakawa sun samu.

Lokacin da aka rufe masallatai a 2020 babu buɗa-baki a harabar masallaci, inda almajiri da baƙo suka saba samun kunu da dabino. Kuɗin da aka saba kashewa a can, da wanda aka tara don Umrar Ramadan, a mayar da shi gero da shinkafa da sukari. Limami da mai unguwa sun san gidajen da ke cikin ƙunci, a kai musu har ƙofa ba tare da tara mutane a layi ba. Wanda zakkarsa ta kusa cika shekara ya fitar yanzu: a mazhabarmu ta Malikiyya an yi rangwamen gabatar da ita da ɗan lokaci kamar wata guda, sauran mazhabobi kuma sun faɗaɗa fiye da haka. Mai gidan haya ya saurara wa wanda aikinsa ya tsaya.

Tarawihi kuwa asalinta nafila ce, tana inganta a gida. Maigida ya ja iyalinsa da abin da ya sawwaƙa na Alƙur'ani, in ɗansa ya fi shi karatu ya gabatar da shi. Tafsiri yana nan a rediyo. Gidaje da yawa mata da yara ba su taɓa jin karatun maigida a salla ba, bana su ji.

Muna roƙon Allah ya ɗauke mana wannan annoba, ya ba marasa lafiya lafiya, ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya taimaki likitoci da masu jinya, ya nuna wa shugabanni gaskiya ya ba su ikon bin ta, ya nuna mana Ramadan lafiya.