Sanƙarau a masarautar Gumel: Me rahotannin asibiti suka nuna?

Annobar sanƙarau da ta auka wa arewacin jihar Jigawa a shekarar 2023 ta bar wata muhimmiyar tambaya: shin bayanan da asibitoci ke rubutawa kan majinyata sun isa a dogara da su?

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa daga watan Oktoban 2022 zuwa tsakiyar Afrilun 2023, mutane 1,686 ne aka yi zaton sun kamu da cutar a Najeriya, 124 kuma suka rasu.

Daga cikinsu 1,252 a Jigawa suke, kuma cutar ta fi ƙamari a Maigatari da Sule Tankarkar, masu iyaka da jihar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar, inda ita ma aka yi fama da annobar.

To sai dai majinyata 481 ne kawai aka ɗebi ruwan ƙashin bayansu domin gwaji, watau ƙasa da mutum huɗu cikin goma.

Wannan giɓi ba ƙarami ba ne, domin zazzaɓi mai zafi da suma kan zo har a zazzaɓin cizon sauro, kuma gwaji ne kaɗai ke tantance nau'in ƙwayar cutar.

Gwajin da aka yi ne ya nuna cewa nau'in C ne ke yaɗuwa, alhali kuwa rigakafin MenAfriVac, wanda Najeriya ta fara amfani da shi a 2011, nau'in A kaɗai yake karewa. Da wannan sakamako aka zaɓi allurar da aka yi wa jama'a a Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar.

Rahoto mai inganci dai kan ƙunshi shekarun majinyaci da ƙauyensa, da ranar da ciwon ya fara, da sakamakon gwaji, da kuma yadda jinyar ta ƙare. Idan babu ranar, ba za a san makon da cutar ta zama annoba ba. Idan babu ƙauyen, ba za a san inda za a kai allura ba.

Najeriya ta zama ƙasar farko da ta fara amfani da sabon rigakafin Men5CV a 2024. Amma sanin inda za a fara kai shi ya dogara ne kan abin da ma'aikacin ƙaramin asibiti ya rubuta a takardarsa.