BASHI HANJI NE, AMMA MAI SHI KE KWANA DA SHI

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Duk wanda ya san ƙasar Ɗanbatta da ƙauyukan da ke kewaye da ita ya san cewa babu sauran daji da za a sara. Gona ce jikin gona, gida jikin gida. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, 'ya'yansa biyar suka raba, yau jikoki ashirin ne ke kallon ta. Saboda haka matashin da ya taso a wannan yanki ya taso ne da ɗan fegin da ba ya ciyar da gida shekara, alhali ga aure, ga suna, ga magani, ga taki. Inda kuɗi suka gaza kuwa, bashi ne ke cike gurbin.

Yadda abin ke tafiya sananne ne. Da damina ta yi tsakiya rumbu ya ƙare, sai a nufi mai hali a karɓo hatsi ko kuɗi da sharaɗin ba-da-kaka. Wanda ya karɓi buhu ɗaya a watan Agusta zai biya da biyu a watan Nuwamba, ya biya ribar ɗari bisa ɗari ke nan cikin wata uku, abin da ko bankin 'yan jari-hujja bai kai ga nema ba. Da kaka kuma, lokacin da hatsi ya fi araha, shi ne lokacin da masu bin bashi ke sallama a ƙofar gida, dole a auna abin da aka noma a kai kasuwa. Kafin bazara an koma sayen tiya-tiya da tsada. Shekara ta zagayo, a sake komawa wurin mai ba-da-kaka. Daga nan sai jinginar gona, daga jingina sai sayarwa, daga sayarwa sai mutum ya wayi gari yana ƙwadago a gonar mahaifinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Babu mai musun cewa akwai hannun zalunci a cikin wannan hali. Tun daga shirin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, talakan ƙasar nan yake biyan bashin da bai ci ba. A 2005 aka yi ta shelar cewa ƙasashen ƙungiyar Paris sun yafe wa Nijeriya dala biliyan 18, bayan ta amince ta biya kimanin biliyan 12, amma manomin Ɗanbatta bai ga canji a tukunyarsa ba. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka janye tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da N200 zuwa sama da N500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota da na taki da na ban-ruwa suka bi sahu. Duk wannan gaskiya ne, kuma wajibi ne a ci gaba da faɗar sa ba tare da tsoron kowa ba.

To amma akwai wata gaskiyar da ta fi wannan ɗaci, wadda ya kamata 'yan'uwa matasa su ji da kunnen basira. La'antar azzalumi ba ta rage ko sisi daga kuɗin da mai shago ke bin mutum. Mai shagon nan ba shi ne IMF ba. Mai shayin da ake bin layin rubutu a littafinsa, da tsohuwar da ta ranta kuɗin adashinta, da abokin da ya ba da jarinsa bisa amana, duk raunana ne irin wanda ya ci bashin. Wanda ya iya bayanin zaluncin gwamnatoci na awa guda a majalisa, amma yana sauya hanya don kada ya haɗu da mai bin sa dubu biyar, to ya sani shi ma ya buɗe nasa ɗan ƙaramin ofishin zalunci.

Musulunci bai ɗauki bashi da wasa ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, aya ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka, tana umurni da a rubuta shi, a sa masa lokaci, a kafa shaidu. Ya zo a ruwaya cewa an kawo gawar wani mutum da ake bin sa 'yan dinarai, Manzon Allah (S) ya dakata da yi masa salla har sai da wani daga cikin sahabbai ya ɗauki nauyin biya. Haka nan ya inganta cewa ana gafarta wa shahidi komai in ban da bashi. Wannan kaɗai ya isa ya hana matashi mai kishin addini barci. Idan jinin shahada bai wanke haƙƙin mutane ba, ina ga halartar taro da ɗaga murya?

Akwai darasi a abin da ya faru da shirin rancen manoma na Anchor Borrowers, wanda aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015. An fitar da sama da naira tiriliyan 1. A farkon 2023 IMF ta ce kashi 24 cikin ɗari kawai aka mayar, Babban Banki ya ce a'a, kusan kashi 52 ne. Ko wanne aka ɗauka, kusan rabi ko fiye bai dawo ba. Wasu ambaliya da fari ne suka karya su, waɗannan suna da uzuri. Wasu kuwa tun ranar karɓa suka ƙudurta cewa rabonsu ne na arzikin ƙasa, suka sayar da takin a bakin hanya. Ƙarshenta aka dakatar da irin waɗannan shirye-shirye. Wanda ya saba cinye na gwamnati da wannan hujja, ba ya daɗewa zai nemo hujjar cinye na maƙwabcinsa.

Mafita tana farawa ne daga takarda da alƙalami. Mai bashi ya zauna shi kaɗai ya rubuta duk wanda ke bin sa, nawa ne, yaushe ne. Da yawa ba su san jimillar abin da ke kansu ba, domin suna tsoron ganin ta. Sannan ya taka da ƙafarsa ya sami kowane mai haƙƙi, ya faɗi abin da zai iya kawowa duk mako ko duk wata, ko da kaɗan ne, kuma ya cika. Ya fara da bashin da ke haihuwa, da wanda gona ke jingine a kansa. Babban abu kuma, ya rufe ƙofar sabon bashi. Ba a cike rami da ƙasar da aka haƙo daga wani ramin.

Daga nan sai duba inda kuɗi ke zurarewa. Wayar da ta fi ƙarfin mai ita, da kuɗin data na kallon abin da ba ya amfani, da ɗinkin anko na kowane biki, da lefen gasa wanda ango ke shekara uku yana biya. Mafi muni shi ne neman arziki ta hanyar tsalle. A Disambar 2016 MMM ta rufe da kuɗin jama'a, a Afrilun 2025 CBEX ta maimaita, kuma duk da haka ana samun masu ranto kuɗi su zuba a irin su. Cacar ƙwallo ta yi yawan da a Oktoban 2024 Hukumar Hisba ta rufe shagunanta da dama a Kano, amma shagon da ke cikin wayar mutum shi kaɗai ne zai iya rufe shi. Haka manhajojin ba da rance na waya, masu ba da kuɗi cikin minti biyar da riba mai nauyi, in an makara su bi lambobin 'yan'uwa da surukai suna tozarta mutum. Duk wannan riba ce da caca, kuma Allah (T) Ya riga Ya yi hukunci a kansu.

Shi kuwa arziki na halal, a hankali yake taruwa, kuma kayan haɗa shi suna nan a Ɗanbatta. Kasuwar Lahadi tana ci duk mako, fatake na zuwa daga nesa neman dabbobi. Matashin da ya sayi ɗan rago ko tunkiya ya turke, ya tanadi harawa da dusa tun da kaka, yana da abin sayarwa da Layya, yana kuma da takin da zai rage masa sayen na kanti. Da haka iyaye da kakanni suka riƙe wannan ƙasa tana ba da amfani shekara da shekaru ba tare da hutu ba. Ga madatsar ruwa ta Tomas da aka gina a shekarun 1970, inda ake noman rani. Ga Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a nan gida, ga masu sana'ar hannu da ke neman yaran da za su koya. Wanda ya raina ɗaukar buhu a kasuwa saboda ya yi sakandare, bai raina miƙa hannu a ranta masa ba, to ya sake lissafi.

Lokacin da wani mutumin Madina ya zo roƙo, Manzon Allah (S) sa wa ya yi aka sayar da 'yan komatsansa dirhami biyu, ɗaya na abinci, ɗaya na gatari, ya tura shi daji yin itace. Hausawa suka ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955 ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma, maraya ne da ya yi almajirci a Bebeji, ya fara da tari a asusu, ya taka zuwa Gwanja fataucin goro, kafin jirgin ƙasa da cinikin gyaɗa su same shi a shirye.

Su ma masu hali a cikin 'yan'uwa akwai nasu nauyin. Alƙur'ani ya yi umurni da a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, ya kuma sanya waɗanda bashi ya danne cikin masu cin zakka. Ya kamata kowace unguwa matasa su kafa adashi mai tsari da asusun rance marar riba, da rubutu da shaidu, domin kada buƙatar buhu ɗaya ta kai ɗan'uwa hannun mai ba-da-kaka. Sai dai asusun ba zai rayu ba sai in masu karɓa suna mayarwa.

Wanda bashi ya yi wa katutu ba ya iya ɗaga kai ya faɗi gaskiya a gaban mai bin sa, kuma al'ummar da matasanta ke jingine ba ta iya tsayuwa a gaban azzalumi. Saboda haka kada Juma'a mai zuwa ta riski mai bashi bai rubuta abin da ke kansa ba, bai kuma kai wa ko da mutum ɗaya wani abu daga haƙƙinsa ba.

Allah Ya yaye wa duk mai bashi, Ya wadatar da bayinSa da halal, Ya tsare su daga haram. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.