Turaren Wuta Ba Ƙauyanci Ba Ne: Raddi Ga Masu "Fafiyum"

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan fitowa ƙaramin abu ne a ido, amma ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, har na ga in ban amayar da shi ba zai zame mini ciwo.

Da muka dawo daga hutun da ya wuce, na zo da wata 'yar kwalba ta turaren wuta wadda kakata ta haɗa mini da hannunta a Faskari. Ran wata Alhamis da daddare na samo garwashi a kasko, na barbaɗa, ɗaki ya ɗauka. Ina cikin jin daɗina sai ga abokin kwanana, wanda shi ma Bahaushe ne gaba da baya, mutumin Ƙanƙara. Shigowarsa ke da wuya sai ya toshe hanci, ya ce, "Haba malam, ka mai da mana ɗaki na tsofaffi! Mutum yana jami'a ai sai fafiyum." Na ce masa to ai shi ma fafiyum ɗin turare ne. Ya kada baki ya ce a'a, turare shi ne hayaƙin nan na 'yan ƙauye, abin da ke cikin kwalbarsa kuwa Hausa ba ta da sunansa.

Da a ce shi kaɗai ne mai wannan ra'ayi da na bar zancen a ɗaki. To amma na sha jin irinsa a bakin samari da 'yan mata a makarantar nan, har da waɗansu da muke zama aji ɗaya a Sashen Hausa. Saboda haka bari mu bi sawun kalmar nan da suke taƙama da ita, mu ga inda ta kwana.

Kalmar da muke lanƙwasawa mu ce fafiyum, Turawa suna rubuta ta perfume. Ba ma ta Ingilishi ba ce tun asali. Ta shiga Ingilishi ne wajen shekarun 1530 daga Faransanci, su kuma Faransawa da Italiyawa sun gina ta daga kalmomin Latin guda biyu, wato per, mai nufin ratsawa ta cikin abu, da fumare, mai nufin yin hayaƙi. Ke nan ainihin ma'anarta ita ce hayaƙi ya ratsa abu. A farkon zuwanta Ingila, in an faɗe ta ana nufin hayaƙin da ke tashi in an ƙona ƙaro ko itace mai ƙamshi, ko don daɗi, ko don magani. A wancan zamani Turawa sun yi imani cewa mummunar iska ce ke kawo annoba, don haka sukan turara gidajensu. Ko a annobar da ta auka wa birnin Landan a 1665 sai da hukuma ta sa aka yi ta hura wuta a tituna, wai don a tsarkake iska. Daga baya ne, da turaren ruwa ya yawaita, musamman bayan Johann Maria Farina ya fara haɗa nasa a birnin Kolon na Jamus a 1709, ma'anar kalmar ta tashi daga kasko ta koma kwalba.

To jama'a, ku duba mini. Abin da abokina ya toshe wa hanci, shi ne ainihin abin da kalmarsa take nufi ran da aka haife ta. Kakata da ba ta taɓa taka ƙofar makarantar boko ba, ita ce mai yin fafiyum na asali.

Abin da ya fi wannan ban sha'awa shi ne, tamu kalmar ma hanyar nan ta bi, ba tare da ta tambayi kowa ba. Duk mai jin Hausa ya san turare ɗan'uwan turara ne. Mace takan turara ɗaki, ta turara tufafi, mai jinya a turara shi da magani. Da na ruwa ya zo, Bahaushe bai ruɗe ba, ya miƙa masa sunan nan. Har ta kai yau in ka ce turare kurum, yawanci na kwalba za a kawo maka, sai ka ƙara da cewa "na wuta" kafin a gane na asalin kake nufi. Harsuna biyu, ɗaya a Turai ɗaya a nan, kowanne ya tashi daga hayaƙi ya sauka a kwalba. Ina dalilin da za a ce na Bature ya ci gaba, namu kuwa ya gaza?

Kada wani ya ce ina ƙyamar aro. Ba na ƙi, kuma ba mai hankalin da zai ƙi. Hausa ta yi aro tun kafin kakanninmu su ga Bature. Almiski da lubban daga Larabci muka samo su, humra kuwa ta gabas ta biyo, ta wajen Barno. Shi ma Ingilishin da aro ya ƙoshi. Kalmarsu ta musk da tamu ta almiski duk tushensu ɗaya, daga Farisa. Kalmarsu ta civet, wato jibda, daga Larabci ta fito, ta bi ta Italiya da Faransa kafin ta isa gare su. Ko sanin tatso turare daga fure, malaman Musulmi irin su Al-Kindi na Bagadaza sun yi rubutu a kansa tun ƙarni na 9. Turaren nan Bintu Sudan da iyayenmu mata suka sani, kamfanin W. J. Bush na Landan ne ya fito da shi a 1920, bayan wakilinsa Eric Burgess ya je Sudan ya ga irin ƙamshin da mutanen can suke so, daga baya aka riƙa yin sa a Kano. Wato su suka zo suka koyi hancinmu, suka sayar mana.

Aro iri biyu ne. Akwai na bukata, kamar yadda muka ari mota da rediyo da kwamfuta don ba mu da su. Akwai kuma na jin kunya, inda mutum yana da abinsa a hannu, ya jefar, ya ɗauki na wani don a ce ya waye. Wannan na biyu shi nake yaƙi da shi, kuma tarihin Ingilishin kansa ya nuna mana ƙarshensa.

Ga misali. Kalmar nan stink, wadda yau ba ta da ma'ana sai ɗoyi, a tsohon Ingilishi ba haka take ba. A da tana nufin fitar da kowane irin abu da hanci ke ji, mai daɗi ko marar daɗi, har akan ce fure yana yin ta. Bayan Normawa masu jin Faransanci sun ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da na manya na tsawon lokaci. Sannu a hankali kalmomin da suka fito daga can, irin su odour da scent, daga baya kuma perfume, suka shigo, na ƙarshen nan biyu suka kama wajen daɗi, ita kuwa 'yar gida aka bar ta da juji. Ba wanda ya yi doka a kan haka. Bakin mutane ne ya yi, kowa yana gudun a ce masa baƙauye.

Abin da abokina ya yi a ɗakinmu ke nan, ko da bai sani ba. Ya ba baƙuwar kalma kwalba mai tsada, ya bar wa turare kasko da tsofaffi. In muka bi shi a haka, nan da 'yan shekaru jikokinmu za su ɗauka turare wani abu ne na bori ko na masu magani.

Bugu da ƙari, masu cewa Hausa ba ta da kalmomi, a fannin hanci dai sun taro abin da ya fi ƙarfinsu. Bature in zai bayyana abin da ya shaƙa, yawanci sai ya jingina shi da wani abu, ya ce kamar kifi, kamar hayaƙi, kamar fure. Bahaushe kuwa suna ya ba kowanne. Na ɗanyen nama da kifi da jini, ƙarni. Na fitsarin da ya kwana, zarni. Na bunsuru da hammatar da ta sha rana, hamami. Na tuwon da ya kama ko tsumman da ya faɗa wuta, ƙauri. Na naman da ya fara juyawa, bashi. Na mushe, ɗoyi. Ga wari a tsakiya, ga ƙamshi a gefe guda. In uwa ta ce wa 'yarta "ina jin ƙauri," ba sai ta ƙara ko kalma ɗaya ba, yarinya ta san tukunya za ta nufa da gudu.

Masana sun daɗe da lura da wannan. F. W. Parsons ya yi rubutu a 1955 a kan wannan rukuni na sunaye masu bayyana abin da gaɓoɓin jiki ke ji, ya nuna cewa siffarsu ɗaya: gaɓa biyu, ta farko mai nauyi, karin sauti sama-sama, su ƙare da dogon wasalin "i". Ƙamshi da wari da ƙarni da zarni da ƙauri da ɗoyi duk suna ciki, tare da zafi da sanyi da zaƙi da ɗaci. Kuma suna haihuwa: yadda zafi ya ba mu zazzafa da zafafa, haka ƙamshi ya ba mu ƙaƙƙamsa da ƙamsasa. A 2014 kuma Asifa Majid da Niclas Burenhult suka gwada mutanen Jahai na ƙasar Malesiya da masu jin Ingilishi, suka tarar Jahai suna ambaton abin da suka shaƙa cikin sauƙi kamar yadda suke ambaton launi, masu Ingilishi kuwa suna ta lalube. Ashe ƙarancin nan da aka daɗe ana cewa na ɗan Adam ne, na waɗansu harsuna ne kurum.

Kalmomin namu ma ba a tsaye suke ba, suna tafiya kamar na kowa. Daga ƙaurin tukunya muka sami ƙaurin suna. Mukan ce magana tana da ƙamshin gaskiya, har mukan ce wane ya ji ƙamshin mutuwa, alhali ba daɗi a cikinta. Citta da kanumfari da masoro da kimba kuwa muka tara su muka ce kayan ƙamshi. Harshen da ke irin wannan wasa da kalmominsa ba shi ne za a kira matalauci ba.

Amma fa dukiyar nan tana zubewa. Ku gwada da kanku: ku tambayi ɗalibai goma a ɗakin cin abinci bambancin zarni da hamami, ku ga nawa za su amsa ba tare da inda-inda ba. Da yawanmu komai wari ne, in ma ba mu ce abu yana "simelin" ba. Waɗanda suka riƙe kalmomin da kyau su ne tsofaffinmu na karkara, su kuwa ga halin da suka shiga. Mu mutanen kudancin Katsina ba sai an ba mu labari ba. A Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, duniya duka ta ji. Abin da duniya ba ta ji sosai ba shi ne ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara da 'yan bindiga suka tasa a shekarun nan, mutanensu suka watsu cikin garuruwa. Tsohuwar da ta san lokacin haƙar kajiji, ta san ƙaron da ake ɗiba a jikin hano, ta san yadda ake gyara farce kafin a sa shi a turare, in ta bar garinsu ta rasu a gidan haya, da ita da saninta da kalmominta ake binnewa. G. P. Bargery ya fito da ƙamusunsa a 1934, Jami'ar Bayero ta fito da nata a 2006, amma ba ƙamusun da ya taɓa kwashe abin da ke bakin mutane duka.

Na yarda akwai abu guda da abokina zai iya kamawa. Garwashi a rufaffen ɗaki haɗari ne, kuma hayaƙi yana tayar wa mai ciwon asma. Wannan magana ce ta lafiya, maganinta a buɗe taga, a fitar da kasko in an gama. Da haka ya ce da na ba shi haƙuri. Amma ba huhunsa ne ya ƙi ba, girman kansa ne.

Saboda haka ina kira ga wannan ƙungiya tamu da kada mu tsaya ga wasan kwaikwayo da rawar al'ada sau ɗaya a shekara. Hutu mai zuwa kowane ɗan ƙungiya ya tafi gida da littafi, ya zauna gaban kakarsa ko wata tsohuwa a unguwa, ya rubuto kalmomin wari da na ƙamshi, da sunayen kayan turare, da jimlar da aka faɗi kowace a ciki, da garin da ya ji ta. Mu tara, malamanmu su duba, mu buga a wannan mujalla. Ni na ɗauki Faskari da Sabuwa. Ƙanƙara kuwa na bar wa abokin kwanana, in ya yarda.

Wanda yake son na kwalba ya fesa abinsa, ni ma ina fesawa ran Juma'a. Abin da na roƙa kurum shi ne ya kira shi da sunansa, turare. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah ya sa mu gane, amin.