Yaran 'yan kwana-kwana a Amurka, da darasin da ke ciki ga unguwanninmu

A ƙananan garuruwan Amurka da dama, idan gobara ta tashi, mutanen da ke fitowa da jar mota ba ma'aikatan gwamnati ba ne. Makaniki ne da manomi da malamin makaranta, kowa ya ajiye abin da yake yi ya garzaya. Kusan kashi biyu cikin uku na masu kashe gobara a ƙasar 'yan sa-kai ne, kuma al'adar ta daɗe: tun 1736 Benjamin Franklin ya kafa irin wannan ƙungiya a birnin Filadelfiya.

Sai dai yawansu yana raguwa. A 1984 sun kusa 900,000, amma zuwa 2020 ba su kai 700,000 ba, waɗanda suka rage kuma da yawa furfura ta fara kama su. Wannan na cikin dalilan da suka sa tashoshi da yawa suka rungumi wani shiri da suke kira Explorer, inda ake ɗaukar yara maza da mata daga shekara 14 zuwa 20, da izinin iyayensu, suna zuwa tasha da yamma ko a ƙarshen mako suna koyon aikin.

Abin da ya fi burge ni a shirin shi ne abin da aka hana su. Yaron da bai kai 18 ba, ba a barinsa ya shiga gidan da ke ci da wuta, komai zafin zuciyarsa. Aikinsa naɗe mesa, wanke mota, kai wa manya ruwan sha, kafa tsani a filin atisaye, da koyon yadda ake danna ƙirjin wanda numfashinsa ya tsaya. Wani zai ce ai wannan aikin yaron gida ne. To, a nan ake koyon bin umarni, da sanin sunan kowane kaya, da riƙe kai lokacin da kowa ya ruɗe. Ranar da ya isa shiga wuta, ya riga ya shekara uku ko huɗu yana kallon yadda ake yi.

Mu duba namu. Mu da muke zaune a Sabo da Agege da Mile 12 da sauran kasuwannin Kudu mun san yadda abin yake. Rumfunan katako manne da juna, janareto a ƙofa, jarkar fetur a bayan buhuna, tukunyar gas ɗin mai shayi, ga wayoyin lantarki kamar saƙar gizo. Wanda ya ga gobarar kasuwar Balogun a Legas a Nuwamban 2019 ya ga yadda motar kwana-kwana ke fama kafin ta sami hanya. Kafin ta iso, su wa ke wurin? Matasanmu. Jarumtaka ba su rasa ta ba, wallahi. Ilimin ne babu. Sai ka ga an watsa ruwa a kan man gyada mai ci, wutar ta yi sama, ko a watsa a kan waya ba a kashe lantarki ba. Wani ya koma cikin hayaƙi ɗauko kuɗin ciniki, alhali hayaƙin ya fi harshen wutar kisa. Idan motar ta makara kuma, a tare ta da jifa.

Ba mu da motar kashe gobara, ba kuma ina cewa mu saya ba. Amma muna da samari masu zuwa aikin agaji da gadin unguwa ba tare da an biya su ko sisi ba. Me zai hana shugabannin kasuwa da Sarkin Hausawa su rubuta wa hukumar kashe gobara ta jiha takarda, a nemi jami'i ya riƙa zuwa sau ɗaya a wata? A zaɓi yara ashirin, a koya musu sarrafa tukunyar kashe gobara, da inda ake katse wutar kowane layi, da buɗe wa mota hanya, da kiran 112 a faɗi adireshi daidai. Mai aikin da ya san yaranmu da sunansu ma ba zai ɗauki unguwar a matsayin wurin da ake jifa ba.

Akwai sharaɗi ɗaya da ba zan yarda a yi wasa da shi ba. Shirin na Amurka yana da alaƙa da ƙungiyar 'yan sikawut ta ƙasar, wadda a 2020 ta shigar da takardar karayar arziki saboda ƙararrakin lalata da yara. Dokarsu yanzu ita ce babba ɗaya ba ya keɓewa da yaro, sai manya biyu suna wurin. Idan za mu fara, da wannan dokar za mu fara, tare da sa hannun uba ko uwa, ba don muna zargin kowa ba.

Hunturu na tafe, lokacin da katako ke bushewa kuma iska ke kaɗa wuta daga rumfa zuwa rumfa. Ina roƙon a sa maganar nan cikin ajandar taron wata mai zuwa, a kuma naɗa mutum biyu da za su kai takardar.